Shekarar da Muka Ba Ruwa Hanya

'Ya'yana, akwai wata magana da ke yawo a danginku tun kuna ƙanana, kuma na san ta iso kunnuwanku, domin ko a bikin 'yar'uwarku Hafsat na ji wata daga cikin gwaggwanninku tana maimaita ta a bayan rumfa. Wai Abbanku, Allah ya jiƙansa, ya zagaya ya kai ƙarar yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, ya sa aka tsayar masa da gini, saboda aikin gwamnati ya fi masa zumunci. Shi bai taɓa kare kansa ba, ba halinsa ba ne. Baffanku Tanimu kuma yanzu girma ya kama shi, in an ɗauko zancen sai ya kaɗa hannu ya ce a bar tone-tone. To ni ina wurin, a gabana aka yi komai, kuma ba na so in bi Abbanku ban bar muku gaskiyar yadda abin ya faru ba.

Lokacin farar hula ba su daɗe da dawowa mulki ba. Abuja ta cika ta batse, kowa da ɗan abin hannunsa yana neman inda zai kafa bulo, duk inda ka juya tifa ce da katafila. Mu ma a wannan guguwar muka bar gidan haya muka koma namu a Dutse Alhaji, a gangaren dutsen nan da kuka sani. Ni ina koyarwa a firamare, Abbanku kuma injiniya ne a sashen hukumar birni da ke duba yadda mutum zai gyara filinsa kafin gini: inda zai yanke tudu, inda zai yi ciko, da inda ruwan sama zai bi ya wuce ba tare da ya cuci na ƙasa da shi ba. A doka, ba a baje fili ko a cike kwari sai an kai musu taswira sun duba sun sa hannu. A unguwanni irin tamu kuwa ba kowa ke bin wannan ba, kuma abin yana cin ransa. Mutum ne da in hadari ya haɗo, kowa na gudu gida, shi sai ya ɗauki lema ya fita ya tsaya bakin lambatu yana kallon yadda ruwa ke gudu. Inna, kakarku, wadda ke zaune tare da mu, takan leƙa ta taga ta ce:

"Ku bar shi, tun yana yaro haka yake. Shi ya sa Auta ba ya rabuwa da mura."

Har furfura ta fito masa, Auta take ce masa. Baffanku kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce “na Wuse”, saboda a kasuwar Wuse yake sayar da yadi.

Gidanmu a lokacin ɗaki biyu ne da falo. Amma ta gefen gabas mun bar fili mai faɗi, kuma duk wanda ya san ni ya san burina a kansa: ɗaki ɗaya na Inna da banɗakinta, ɗaya kuma naku ku 'yan mata, don na ga kuna tasowa. Kafin hali ya samu na shuka zogale da gwanda da kuɓewa a wurin. Bayan katangar gabas ɗin akwai wani fili da babu kowa, wani ɗan kwari ya ratsa tsakiyarsa daga gindin dutse ya gangara ƙasa. Da rani busasshe ne, awaki ke kwana a ciki. Da damina kuwa duk ruwan da ya sauka a kan dutsen nan ta cikinsa yake bi.

Wannan filin Baffanku ya saya. Ranar da ya zo gaya mana, da tsire ya shigo niƙi-niƙi da lemo, yana dariyar nan tasa da ake ji tun daga bakin titi. Ya gaji da haya a Jikwoyi, ya ce zai gina wa iyalinsa gida kusa da ɗan'uwansa, ya jera ɗakunan haya a gaba, Inna ta riƙa cin abincin rana a nan, na yamma a can. Ku sani, mutumin nan shi ya bar makaranta ya shiga kasuwa da kakanku ya rasu, don ƙaninsa ya yi karatu. Abbanku bai taɓa zama a kujera ba in Baffanku na ƙasa. Don haka murnar da muka yi ran nan ba ta baki ba ce. Sai da aka ci aka sha, suka fita zagaya filin, sannan na ji Abbanku ya ce:

"Yaya, kwarin nan fa hanyar ruwa ce. Dole a bar masa wurinsa, kuma sai an kai taswira ofis kafin a taɓa ƙasar."

"Kai Isiya, ka cika tsoro. Kwarin da akuya ke tsallakewa? Duk Dutse wa ya kai takarda kafin ya zuba ƙasa a filinsa?"

"Da rani ka gan shi, Yaya. Ka bari ka gan shi a watan takwas."

"To ba kai ne a ofishin ba? In takarda ce sai ka sa hannu mana."

"Fayil ɗinka ba zai zo teburina ba, tunda ɗan'uwana ne kai. Ko da ya zo, in ciko ne a kan kwarin nan, ba zan iya ba."

Baffanku ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya ce boko ya lalata masa ƙani. A nan aka bar maganar. Abbanku ya sake yi masa ita a waya, ya bi shi har shago ya sake yi, kullum amsar ɗaya ce: Allah ya kai mu.

Da bazara ta kama, wata rana na dawo daga makaranta na tarar da katafila a filin, tifofi suna sauke jar ƙasa, an riga an binne rabin kwarin. Ina tsaye da jakata sai ga Mama Saraya ta hauro. Ita ce maƙwabciyarmu ta ƙasa, 'yar Gbagyi ce, su ne 'yan asalin wurin tun kafin a san za a yi wata Abuja. Mijinta ya rasu, tana noman doya tana riƙe da jikokinta. A wurinta nake sayen doya, ita kuma ba ta wuce ƙofata ba ta karɓi ganyen zogale ba. Ta tsaya tana kallon katafilar, ta ce da Hausarta:

"Malama, wannan mota da yana tura ƙasa, na oga ne?"

Na ce na yayansa ne.

"To ki faɗa masa, ruwa ba ta da wani hanya fa. In ya rufe nan, gidana za ta zo. Yara suna kwana a ƙasa."

Da Abbanku ya dawo na gaya masa. Bai ko cire takalmi ba ya gangara gidanta, ya daɗe a can kafin ya dawo. Ranar Lahadi Baffanku ya zo duba aiki, na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, suka zauna a falo kwano ɗaya, Inna na gefe a kan darduma. Ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne dangi suka karkatar da labarin. Abbanku ya tsame hannunsa daga kwanon, ya ce:

"Yaya, don Allah ka sa a tsayar da katafilar nan gobe. In ba a tsayar ba, jibi zan gaya wa ogana abin da na gani. Ina gaya maka ne a gaban Inna, don kada ka ji a bakin wani."

Baffanku ya dube shi kamar bai gane shi ba.

"Ni za ka kai ƙara, Isiya?"

"Akwai mutane a ƙasa, Yaya. Na shiga ɗakin da jikokin matar nan ke kwana. In ruwa ya sauko da ƙasar nan, a kansu zai sauka. Da filin wani ne da tuni na faɗa. Na yi shiru har yau ne don kai ne."

"Auta, ka yi wa yayanka shiru," in ji Inna.

"Inna, ki gafarce ni. Wannan karon ba zan iya ba."

Baffanku ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya fita bai yi sallama ba. Bai tsayar da katafila ba, domin har ransa bai yarda ƙaninsa zai aikata ba. Abbanku kuma ya aikata. Kafin mako ya ƙare motar ofis ta zo, suka rubuta da jan fenti a jikin bulon da aka jibge cewa a dakata da aiki, mai katafila ya kwashe kayansa ya tafi. Kashegari Inna ta ɗaure kayanta a zani. Na durƙusa ina roƙonta, ta ce:

"Rabi, ba da ke nake ba. Amma wanda aka kayar shi ake bi a ɗaga."

Abbanku da kansa ya kai ta Jikwoyi. Ya ce min da suka isa Baffanku ko fitowa bai yi ba. Gidan ya yi mana faɗi. Ke Zainab kina ƙarama, kullum sai kin je kin ɗaga labule kin ce ina Inna.

Da a tatsuniya ne da sai in ce daga nan gaskiya ta yi halinta. Ba haka aka yi ba. An tsayar da aiki, amma ƙasar da aka zuba tana nan tuli, ba a daddaɓe ta ba, ba a kwashe ta ba. Ofis suka rubuta wa Baffanku ya kwashe, shi kuma fushi ya hana shi ko waiwayar filin. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko wata rana bayan la'asar. Ya gangaro daga dutse ya tarar an toshe masa hanya, sai ya kwashi jar ƙasar nan ya bi ta hanyar ƙafa ya faɗa gidan Mama Saraya. Allah ya sa da rana ne, ta kwashe yaran ta hau da su kan wani falalen dutse. Amma bangon madafarta ya zube, doyar da ta adana a rumfa ta nutse a taɓo. Abbanku ya ɗauki shebur ya fita, maza na unguwa suka bi shi, suka yi ta yanka wa ruwan hanya har ya tsagaita. Ya shigo gida jajawur tun daga kai har ƙafa, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce:

"Rabi, takardarmu ta tsayar da katafila, amma ruwa bai san da ita ba."

Abin da doka ta ce a fili yake: Baffanku ya kwashe cikon, ya mayar da kwarin yadda yake, ya kuma bar tazara a kowane gefe. In aka yi haka filin ya rabu biyu, kuma babu ɓangaren da zai ɗauki gidan kirki. Wato mutumin da ya yi wa Abbanku komai ya tashi a tutar babu. Abbanku ya rame a 'yan kwanakin nan. Wata safiya ina tsinkar zogale ya zo ya tsaya a bayana.

"Rabi, ina da magana, amma ki ajiye kwandon tukuna."

Na ajiye. Ya ce akwai hanya ɗaya. Za a iya karkatar da ruwan tun daga sama, a gina masa magudana ta dutse da siminti ta bi iyakar filayen biyu, a fitar da shi ta kwalbati zuwa babban rafi, nesa da gidan Mama Saraya. Amma magudanar tana son faɗi, kuma in duka aka ɗora wa filin Baffanku, an koma gidan jiya. Sai dai a rushe katangarmu ta gabas, a shigo da ita cikin namu. Ya nuna da hannu daga ina zuwa ina. Hannun nasa ya bi ta kan ɗakin Inna da ɗakinku, waɗanda na riga na gina a zuciyata har na zaɓi launin labule.

Na ce, "Wato yayanka ya zuba ƙasa, ni kuma in rasa ɗakin 'ya'yana?"

"Haka ne. Ba adalci ba ne, na sani. Shi ya sa ba zan yi ba sai kin yarda. In kin ce a'a, ba za ki sake jin maganar a bakina ba."

Na ɗauki kwandona na shige. Na yi kwanaki ina ba shi abinci ba na kallon fuskarsa, shi kuma ya cika alkawari, bai sake tayar da zancen ba. Ranar Asabar na shirya na tafi Jikwoyi gaida Inna. Yaya Asabe, matar Baffanku, ta ja ni madafa ta gaya min abin da ban sani ba: ɗaya daga cikin shagunansa biyu ya sayar ya sayi filin nan, kuma tun da abin ya faru ba ya iya cin abinci. Da na shiga wurin Inna na ga idanunta sun faɗa. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Har na miƙe zan tafi, sai ta kama bakin mayafina ta ce a hankali:

"Auta yana cin abinci kuwa?"

A cikin motar da ta dawo da ni na yanke shawara. Na ga dai ɗaki ake so a gina wa tsohuwar nan don ta ji daɗi, ga shi kuma tana can tana ƙarewa tsakanin 'ya'yanta biyu. Da na iso na tarar da Abbanku a tsakar gida, na ce:

"A rushe katangar. Amma gwandata guda biyu na can ƙarshe, kada a taɓa min su."

Sai ya juya baya yana gyara hula, ni kuwa na san abin da yake ɓoyewa.

Da yake ya cire hannunsa daga fayil ɗin, wata injiniya aka ba, 'yar kudu, mace mai tsauri wadda ba ta dariya a bakin aiki. Ta zo da ma'aunanta ta hau dutse ta sauko, ta dubi zanen Abbanku, ta ce faɗin bai isa ba, a ƙara. Ya buɗe baki zai yi magana ta ce, "Oga, kai ka koya mana." Ƙarin nan shi ya tafi da gwandata duka biyu. Ta kuma sa sharaɗi a shuka ciyawar jema a gefen magudanar don ta riƙe ƙasa, kuma kowace shekara masu gidajen biyu su yashe ta kafin ruwa ya sauka. Limamin unguwa muka aika ya kai wa Baffanku bayani. Amsar da ya kawo ba ta fi haka ba:

"Ya ce a gaya maka ya ji."

Amma da aka fara aiki sai ga leburorinsa da birkilansa, kuma su suka tayar wa Mama Saraya bangon madafarta, ba tare da kowa ya ce su yi ba. Aka gama magudanar damina na tsakiya, ruwan watan takwas ya zo ya bi ta ya wuce. Baffanku ya gina gidansa, ɗakunan hayan dai ba su kai yadda ya so ba. Ranar da suka tare, Inna ta sauko daga mota ta tsaya bakin magudanar ta daɗe tana kallo. Ta ce:

"Rabi, ina wurin da kika ce za a yi min ɗaki?"

Na nuna mata tsakiyar lambatun.

Ta gyaɗa kai. "To. A shimfiɗa min a ɗakin yaran."

Haka kuka tashi ku huɗu da kakarku a ɗaki ɗaya, kuna faɗa a kan wurin rataye kaya, tana tashinku sallar asuba da carbi. Na san kun sha ƙorafi, musamman da kuka zama 'yan mata. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka a kan ɗakunan nan ba sau ɗaya ba, kuma har yau ba a gina su ba, babu inda za a sa su.

Su kuwa mazan biyu, zama ya zo kusa amma baki bai buɗe ba. Ni da Yaya Asabe muka sa katako a kan magudanar muna miƙa wa juna kwano, ku da 'ya'yansa kuna tsallakawa kamar gida ɗaya. Su kuma masallaci ɗaya suke sallah, wannan a wannan ƙarshen sahu, wancan a wancan. Abbanku ya gaishe shi, ya amsa da ka. Aka yi azumi aka yi sallah a haka. Inna ba ta sake sa baki ba, ta ce ta gama nata, saura na Allah.

Da bazara ta zagayo, wata Asabar da hantsi Abbanku ya naɗe wando ya shiga magudanar da shebur don ya yashe ta. Yashi ya taru, ga leda ga robobi. Ku kun san Abbanku, a takarda babu wanda ya kai shi, amma aikin ƙarfi ba nasa ba ne. Yana ɗiban kaɗan yana nishi, rabin abin da ya watsa sama yana dawo masa a ka. Ina madafa ina hangensa ta taga, Inna na zaune kusa da ni tana gyaran wake. Sai ga Baffanku ya fito cikin farar shadda zai tafi kasuwa. Ya tsaya a nasa gefen, hannu a baya, yana kallo. Ya daɗe a tsaye. Abbanku ya ɗago ya ce ina kwana Yaya, ya ci gaba da fama. Can sai muka ji muryar nan da muka yi shekara ba mu ji ta a gidanmu ba:

"Kai Isiya! Wa ya koya maka riƙon shebur haka? Duk karatun nan naka!"

Ya tuɓe babbar rigar ya rataye a katanga, ya cire agogo ya sa a hula, ya dira cikin lambatun da wandon shaddarsa.

"Kawo nan. Kai riƙe buhun."

Abbanku ya miƙa masa shebur da hannu biyu, ya ɗauki buhu ya buɗe masa baki. Baffanku na zubawa yana faɗa, wai an ba shi injiniya ko yashi bai iya ɗiba ba, Abbanku na cewa haka ne Yaya, haka ne. Na juyo in gaya wa Inna, na ga ashe ta riga ni gani. Ba ta ɗago daga tiren wakenta ba, sai dai hannunta ya tsaya. Ta share ido da gefen ɗankwali, ta ce:

"Rabi, ƙara shinkafar nan. Na Wuse a nan zai ci."